Ranar da Kashim Ya Je Biko da Turnabis a Aljihu

In ka bi gonakin tattasai na bakin kogin Komadugu, daga Shetimari har cikin Diffa, ka tambayi wa ke gyaran injin ban-ruwa, za a nuna maka Kashim. In ka tambayi wa ke ɓata shi, shi ɗin dai za a sake nuna maka. Gaskiya ne ya taɓa tayar da wani mataccen inji shekara shida da suka wuce, kuma har yau ba wanda ya san yadda aka yi, har shi kansa. Amma tun daga ranar hularsa ta daina zama daidai a kansa.

"Inji ai inji ne," haka yake faɗa a duk majalisar da ya zauna. "Na ruwa, na sama, na ƙasa, uwarsu ɗaya. Duk abin da ke ƙugi ɗana ne."

Matarsa Zara ta yi haƙuri da ya gyara agogon bango ya koma tafiya sai ranar Juma'a. Ta yi haƙuri da rediyo. Amma ranar da ya gyara mata keken ɗinki ya koma yana ɗinki da baya, har ya haɗe hannun rigar wata amarya da wuyanta, sai ta ɗauki mayafinta ta yi yaji zuwa gidan mahaifiyarta Ya Fanna a Diffa. Wata guda cur Kashim yana cin garin rogo da ƙuli-ƙuli, yana hira da bango. Kuma don Allah kada a zalunce shi, yana son matarsa. Ya rame har wandonsa ya fara neman sabon mazagi.

Sai ya nemi kawunsa Baba Fannami ya raka shi biko. Baba Fannami tsoho ne da ya yi suna wajen sulhu a duk kwarin nan, mutumin da in ka ba shi zagi ya kai, kafin ya isa ya mayar da shi gaisuwa. Shi ya yi ta kai da komowa har aka tsayar da magana: su zo bayan azahar, Bulama Ajimi mai unguwa ya zo bayan la'asar ya yi addu'a, Kashim ya tafi da matarsa.

"Aikinka ɗaya ne," in ji Baba Fannami a ƙofar gida. "Ka zauna, ka sunkuyar da kai, kada ka taɓa komai. Ka zo da kayan aiki?"

"Ko allura ban zo da ita ba, Kawu."

Ba ƙarya ya yi ba, allura dai bai zo da ita ba. Turnabis ɗin kwance kusoshi da ke aljihunsa kuwa bai lissafa shi cikin kaya ba, don a wurinsa yatsa ne na shida.

Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfar tsakar gida. Ya Fanna tana ɗaki bayan labule, don Zara ƴar farinta ce, kuma shekara takwas da auren ba ta taɓa kallon fuskar surukinta ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi masa magana sai ta faɗa wa wani ya faɗa masa, shi ma haka. Yau Baba Fannami ne zai riƙa ɗaukar magana, don haka ya zauna a bakin labulen, Kashim kuma can gefe.

Abin da ba wanda ya yi tunani a kai shi ne, a can gefen ne firigon Ya Fanna yake. Da shi take sana'ar zoɓo da ƙanƙara. An manna shi da bango, an jibga buhunan busasshen tattasai a bayansa da kansa, ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashinsa. Zoɓon da aka kawo wa baƙi ma ɗumi gare shi.

Kashim ya zauna a kan hannuwansa. Firigo ya yi ƙugi. Kashim ya runtse ido. Firigo ya sake yin ƙugi, har da ɗan tari.

"Kawu, ka ji?"

"Ban ji ba."

"Kuka yake yi."

"Bar shi ya yi. Ba naka ba ne."

"Kawu, ni ya gani yake kira."

Ana cikin haka sai ga Madam Priskila ta yi sallama, maƙwabciya, malamar asibiti da aiki ya kawo su Diffa ita da mijinta. Ta zo sayen ƙanƙara ta tarar duk ta narke. Ta dubi firigon sau ɗaya ta ɗaga murya wajen labule.

"Ya Fanna, ai na faɗa miki. Ki janye shi daga bango ya sha iska, ki kwashe buhunan nan, a share ƙurar da ke bayansa. Robar ƙofar ta yi datti shi ya sa ba ta kamawa, ki wanke ta da ruwan ɗumi. Ƙaramar kafar ruwan da ke ciki ta toshe, tsinken tsintsiya zai buɗe ta. Kafin magariba za ki ga sanyi."

Kashim ya yi dariya ta hanci. Hannunsa na dama ya riga ya fito daga ƙarƙashinsa.

"Tsinken tsintsiya! Madam, ke allura kika sani, ki tsaya a kan allura. Wannan injin iska ce ta shige shi. Duk injin da ke ƙugi ba ya jan ruwa, iska ya haɗiya. Sai an ɗura masa ruwa ta baya tukuna ya kama."

"Wannan ba ya jan ruwa, malam."

"To ai shi ne na ce. Ba ya ja."

Daga bayan labule Ya Fanna ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Fannami, gaya wa baƙon nan in ya taɓa min firigo, sai na karya hannun da ya taɓa da shi."

Baba Fannami ya yi gyaran murya. A shekara arba'in na sulhu bai taɓa isar da magana da ƙayarta ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya juya ya ce, "Surukarka ta ce tana jiye wa hannunka, kada ka wahalar da shi."

Idon Kashim ya ciko da hawaye. "Allah sarki, uwa! Gaya mata hannun nan nata ne. Ko zai karye sai na yi mata aikin nan."

Baba Fannami ya juya wajen labule. "Ya ce ya ji, hannunsa yana ƙarƙashin umarninki."

"To madalla," in ji Ya Fanna, ta gyara zama.

Da Madam Priskila ta ga Kashim ya nufo bayan firigo da bokiti, abin da ta iya yi kawai shi ne ta yi wuf ta cire waya daga bango, kada kuran, wato wutar lantarki, ya kashe mutum a gidan surukai. Kashim ya tuttula bokiti ɗaya. Ya kasa kunne. Ya tuttula na biyu. Firigo ya yi shiru.

"Kun ji? Ya daina kuka."

"Na cire wayar ne," in ji Madam Priskila.

"Ko ma mene ne, ya dai daina."

Ruwan ya jiƙa buhunan tattasai. Kashim ya ja ɗaya don ya kuɓutar da shi, buhun ya yage, jan tattasai ya watsu a rumfa, ƙurarsa ta tashi. Baba Fannami ya yi atishawa bakwai a jere. Akuyar gidan ta yi uku. Matan maƙwabta da suka ji hayaniya suka fara leƙowa ta kan katanga, suna toshe hanci da bakin zane.

Kashim ya dafa baƙin tulun ƙarfen da ke ƙasan firigo ta baya, ya janye hannu da sauri.

"Zazzaɓi! Man injin ya ƙone. Yaushe rabon da a juye masa mai?"

"Ba a juye wa firigo mai," in ji Madam Priskila.

"Kun ji ko? Ba a taɓa juyewa ba! Shekara nawa! Wallahi dabba ma ba a yi mata haka."

Ya leƙa waje ya kira majiya ƙarfi biyu daga teburin mai shayi. Suka ciccibi firigon da kayan cikinsa suka fito da shi tsakar gida. Da aka ce a fara kwashe ƙullin zoɓon, sai ya ce ba a taɓa jin an zazzage hanjin majinyaci kafin a duba shi ba. Suka kifa shi, kai a ƙasa ƙafafu a sama. Aka ji abubuwa suna faɗuwa a ciki tim-tim.

"Fannami!" Ya Fanna ta ƙwala kira. "Me nake ji? Gaya wa wannan bala'in ya fita min daga gida, shi da zuriyarsa!"

Baba Fannami ya share zufa. "Ta ce aikin nan ya fi ƙarfin gida, irin na fili ne. Kuma tana gaida danginka."

"Suna amsawa. Gaya mata ai mun riga mun fito fili."

"Ya ce ya riga ya fita," in ji Baba Fannami.

Zuwa lokacin mutane sun cika zaure. Mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta, wanzami ya zo da mutumin da ya aske wa rabin kai. Kashim kuwa in ya ga taro sai ƙirjinsa ya ƙara faɗi. Ya yi ta zagaya firigon da turnabis yana neman murfin mai bai samu ba. Can ya hango wani ɗan siririn bututun jan ƙarfe a jikin tulun, an matse bakinsa an liƙe.

"Jama'a, ku matso ku ga ha'incin masu ƙera kaya! Sun toshe masa hanci tun daga kamfani. Yaya za a yi inji ya yi numfashi?"

"Kada ka yanke!" Madam Priskila ta yi ihu. "Gas ɗin sanyin ne a ciki!"

Ya riga ya karɓi almakashin wanzami. Ƙaras. Sai ga wani huci, fsssss, dogo, mai sanyi, har da ɗan farin hayaƙi. Kashim ya ɗaga hannu sama.

"Iskar da na ce! Ga ta nan tana fita. Wa ya ce ƙarya nake?"

Wasu suka fara tafi. Mutumin da aka aske wa rabin kai ya tara ƙeyarsa ya ce wallahi akwai sanyi.

"Ji shi da kyau," in ji Madam Priskila, "don shi ne sanyin ƙarshe da zai fito daga cikinsa. Yanzu kam ba na tsintsiya ba ne, sai an nemo mai gyaran firigo na gaske ya liƙe ya sake ɗura gas."

"Mai gyara na gaske yana gabanki, Madam."

Aka miƙar da firigo, aka ja waya aka haɗa. Ya yi ƙugi kamar da. Aka jira. Kashim ya zura hannu ciki ya fito da shi ja jawur da zoɓon da ya fashe, sanyi kuwa babu ko na rantsuwa. Wani daga baya ya ce ko shayi za a dafa a ciki. Dariya ta tashi.

A nan ne mai hankali zai ajiye turnabis ya koma tabarma. Har Baba Fannami ya taso ya kama masa riga ya raɗa masa, "Ɗana, la'asar ta yi. Bulama na hanya. Don girman Allah zo ka zauna." Kashim ya dubi ƙofar ɗakin da ya san Zara na ciki, ya ga labulen ya ɗan motsa. Sai ya ji ba zai iya bari ta gan shi ya kasa ba.

"Ƙarfi ne ya yi masa kaɗan, Kawu. Ɗan injin nan nasa bai kai na niƙan yaji ba. Babban wansa zan kawo masa."

Kamar an shirya, Ishaku mai lambu yana wucewa da amalanke, injin ban-ruwansa a kai, yana dawowa daga bakin kogi. Kafin ya gama cewa "a'a" an sauke injin an shigo da shi. Kashim ya yi wa taro bayani yana aiki. Asalin sanyi ruwa ne, in ji shi, duk wanda ya taɓa shiga Komadugu da sassafe ya sani. In aka tura wa firigo ruwa da ƙarfi, zai tuna aikinsa.

Tiyon injin ya fi ɗan bututun nan kauri sau ashirin, don haka ya huda bayan firigon da guduma da ƙusa har tiyon ya shige. Ya naɗe wurin da robar tsohuwar taya. Ɗaya bakin ya jefa cikin ƙaton durom na ruwan da Ya Fanna ta tara. Ƙofar firigo kuwa ya ɗaure ta da igiyar akuya, ɗauri bakwai, don kada sanyi ya gudu. Akuyar da ta samu kanta a sake ta shiga cin tattasai.

Madam Priskila ta sake cire waya, ta tattare zanenta ta hau kan turmi.

"Fannami," in ji Ya Fanna, "gaya masa Allah ya isa."

Baba Fannami ya daɗe yana juya wannan a baki. "Ta ce... ta bar komai a hannun Allah."

"Haka ake so. Bismillah!"

Kashim ya ja igiyar inji. Injin ya tashi da ja ɗaya, abin da bai taɓa faruwa a hannun Kashim ba. Tiyo ya miƙe. Firigo ya fara gurnani, ya fara rawa, gefensa ya soma kumbura. Ruwa ja yana tsartuwa ta gefen ƙofa siriri-siriri.

Daidai nan Bulama Ajimi ya yi sallama, cikin farar babbar riga da ta sha bugu, da carbi a hannu. Taro ya dare masa hanya, hanyar kuwa ta kai shi har gaban firigo.

"Ina mijin yarinyar?" ya tambaya da ƙarfi don ƙarar inji.

"Ga ni, ranka ya daɗe! Ka zo a kan gaɓa. Sa hannunka mai albarka a ƙofar nan ka ji sanyi."

Bulama mutum ne mai son a ga ya san abubuwan zamani. Ya miƙa hannu ya dafa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ɗauri na farko ya tsinke, sauran shidan suka bi shi ba jira.

Ƙofar ba buɗewa ta yi ba, fita ta yi gaba ɗaya. Ta kwashe ƙafafun Bulama ya faɗa zaune a kanta, jan ruwa ya ɗauke su shi da ita, da ƙullin zoɓo ɗari da wani abu, da tattasai, da takalman jama'a, suka ratsa tsakar gida suka bi ta zaure kamar kwalekwale, ba su tsaya ba sai a gindin teburin mai shayi. Waɗanda ke waje sun ce har ya iso carbinsa na hannunsa, yana ta salati. Rigar da ta shiga fara ta fito kalar zoɓo.

A ciki kuwa tiyo ya fizge daga jikin firigo ya shiga bulala, yana wanke duk wanda ya samu. Ya wanke wanzami, ya wanke matan kan katanga, ya ture Baba Fannami cikin kwandon tattasai. Ishaku yana ihu a kashe masa inji. Kashim ya murɗa makashin ya fito a hannunsa, don ɗazu ya ɗan gyara shi. Injin bai yi shiru ba sai da durom ɗin ya ƙafe.

Tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da atishawar akuya.

Sai aka ga labule ya yaye. Ya Fanna ta fito, ƙaramar tsohuwa, ta tako cikin jan ruwa har idon sawu, ta zo ta tsaya gaban surukinta ta dube shi ido cikin ido.

"Kashim."

Mata suka kama baki. Wata ta ce, "Ta kira sunansa!" Baba Fannami ya yunƙuro daga cikin kwando, tattasai a gemunsa.

"Abin da take nufi shi ne..."

"Zauna, Fannami. Da bakina zan faɗa. Kashim, shekara takwas ina jin kunyarka. Yau ka wanke ta da injin ban-ruwa."

Sai ta juya. A bayanta Zara ce tsaye a bakin ƙofa, sanye da mayafin fita, ta yi lalle, ƙunshin kayanta a ka. Kashim ya gan ta, har ya fara murmushi. Ta sauke ƙunshin a kan dakali ta kwance shi. Ta ɗauki zanen farko ta mayar ɗaki. Ta dawo ta ɗauki na biyu.

"Zara," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Saura kaɗan fa ya yi sanyi."

Ta tsaya da zane a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Tun jiya na ɗaure kayan nan, Kashim. Ina kewar ɗakina. Ba gwaninta na ce ka nuna min ba. Cewa na yi ka zauna daga azahar zuwa la'asar."

Ta kwashe sauran ta shige, ta saki labule.

Kashim ya tsaya cikin ruwa, makashin injin Ishaku a hannunsa. Ya juya wajen kawunsa a hankali, kamar yadda ya yi ta juyawa tun azahar, yana jiran a faɗa masa abin da aka ce.

Baba Fannami ya dube shi. Ya cire hularsa ya matse ta, ya mayar a kai.

"Yadda ka ji ɗin nan, ɗana," ya ce. "Haka ta ce."